Idan Igamar Dattijo Ta Mutu Yana Gida

Ku samari da 'yan matan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musamman masu uba ko uwa ko kaka a Makka ko Madina ko Jidda, da ku nake yau. Wani aiki ya hau kanku ba tare da an tara ku an danƙa muku shi ba, shi ne tsaron takardun tsofaffinku. Wajen adana takarda kam sun fi ku iyawa. A naɗe ta a leda, a sa a jakar fata, a tura ƙarƙashin katifa, shekara goma ko ƙura ba za ta taɓa ta ba. Abin da ya gagare su shi ne sanin ranar da takardar za ta mutu, da abin da ake yi idan ta mutu alhali mai ita yana nan gida, ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya ko duba gona. Duk wannan ya koma cikin waya da intanet, ku kuwa can kuke kwana, can kuke tashi.

Kada ku raina burin da ya kai su can. Tun kafin jirgin sama mutanenmu ke miƙa hanya a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, ana tafiya ana tsayawa noma da ƙwadago. Wani sai ya shekara da shekaru kafin ya ga Ka'aba, wani kuma a hanya ya yada zango, jikokinsa na Sudan har yau. Wanda yake so ya ƙarasa kwanakinsa kusa da Harami, ya sami makwanci a Baƙi'a, ba baƙon abu yake nema ba. Alhaji Aminu Dantata, ɗan Alhassan Dantata haifaffen Bebeji, ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94, aka yi masa sutura a Madina ranar 1 ga Yuli kamar yadda ya yi fata. Amma ku lura, duk da girmansa da dukiyarsa da tawagar da gwamnatin tarayya ta tura, sai da hukumomin Saudiyya suka ba da izini kafin a shiga da gawar. To ina ga Baba, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi ko gadi ko ɗinki a unguwar Shara Mansur ta Makka?

Ku fara sanin cewa Saudiyya ba ta da bizar da take ba mutum don kawai ya tsufa yana son ya huta. Wasu ƙasashe suna da ita. Tailan takan ba wanda ya kai shekara 50 izinin zama na shekara guda idan ya nuna baht 800,000 a banki ko kuɗin shiga baht 65,000 duk wata. Dubai ta buɗe tata a 2020, ta shekara biyar ga wanda ya kai 55, ita ma sai mai gida ko ajiya ko fansho mai kauri. A Saudiyya abin da ya fi kusa da wannan shi ne igama (takardar izinin zama) ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda ba ruwanta da kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙo: riyal 800,000 ta dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Ku buga wannan da naira, za ku ga ba da manomin masarar Doguwa ake ba. Tsofaffinmu da ke can, in dai suna da takarda, ɗayan biyu ne. Ko dai igamar aiki ce da suke ta sabuntawa a ƙarƙashin kafili tun suna da ƙarfi, ko kuma suna rataye a igamar wani, mata a ta mijinta, uwa a ta ɗanta. A ido zaman hutun tsufa suke yi, amma a takarda zaman aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kowace ƙasa da ke ba baƙo izinin zama tana da iyakar daɗewar da ta yarda ya yi a waje. Mai izinin zama irin na kowa a Dubai, in ya haura wata shida bai leƙa ba, izinin ya shiga matsala. Mai katin zama na Amurka da ya wuce shekara guda a waje ba tare da takardar dawowa ba, sai ya je ofishin jakadanci ya nemi bizar mai komawa, ya kuma gamsar da su cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya riƙe shi. Ingila shekara biyu ta yanka wa mai izinin zama na dindindin. A Tailan kuwa, tsohon da ya fita bai sayi takardar sake shiga ba, izininsa ya faɗi tun a bakin iyaka, ko da kwana ɗaya zai yi. Na kawo waɗannan ne saboda masu cewa Larabawa ne kawai ke da tsanani. Duk duniya haka abin yake, kuma wanda ya taɓa zama a zangon Kumasi ko Abijan zai ba ku labarin nasu kalar.

A Saudiyya mai igama ba ya fita haka kawai. Sai an buga masa bizar fita da dawowa, wadda mutanenmu na can ke ce wa huruj wa auda. Ta tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Ta shiga da fita sau da yawa riyal 500 ce na wata uku, ƙarin wata riyal 200. Don haka dattijon da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ya zo da wa'adi uku a aljihu: ranar mutuwar fasfo, ranar mutuwar igama, da ranar da aka ce lallai ya koma kafinta. Ta ukun nan ita ta fi kusa, ita kuma aka fi mantawa. Shi abin da ya riƙe a ka shi ne, "Wata biyu aka ba ni." Daga yaushe wata biyun ya fara? Wata bizar daga ranar fita take fara ƙirge, wata kuwa tun daga ranar da aka buga ta. In irin ta biyun ce, aka kuma buga ta sati uku kafin ya sami kujera a jirgi, to ya sauka Kano sati ukun nan sun riga sun tafi.

Sai lissafin wata, inda ko masu boko ke tuntuɓe. Da yawa daga takardun nan da kalandar Hijira aka rubuta ranakunsu, shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A Saudiyya 1 ga Muharram 1446 ya faɗo 7 ga Yuli 2024, na 1447 kuma 26 ga Yuni 2025. Wanda ya riƙe cewa bara a tsakiyar Yuli aka sabunta igamarsa, bana tun farkon watan za ta cika. Kalandar Ummul Ƙura da ofisoshinsu ke aiki da ita ba ta jiran sanarwar ganin wata daga Sakkwato, tana iya riga tamu da kwana guda, kwana gudan nan kuwa ya isa ya hana mutum hawa jirgi. Ku kuma kula da lambobin Larabci. Biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifilinmu, shidarsu ta yi kama da bakwai ɗinmu. Yaron da ya saba da lambobin boko kaɗai, ya ga 16 ya karanta 17, ya ba Baba kwana ɗaya da ba shi da shi.

Kusan kullum hanya ɗaya abin ke bi. Dattijo ya zo aurar da autarsa a wani ƙauye bayan Kwanar Dangora, da niyyar sati shida. An sha biki, ana shirin rakiya, sai ƙaninsa ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. An yi uku, an yi bakwai. Ya ɗauko maganar tafiya, ƙanwarsa ta fashe da kuka: "Haba Yaya, ka tafi ka bar mu da wa? Ka bari a yi arba'in." Kafin arba'in maganar gado ta taso, ga gonar da ba a taɓa raba ta ba tun rasuwar mahaifinsu, shi ne babba, ba a zama sai da shi. Ana cikin haka masara ta isa karya. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Alhaji, ai ba a tafiya ana tsakiyar kaka." Babu wanda ya nufe shi da sharri a cikinsu, ƙauna ce zalla, shi ma yana jin daɗinta, don ya daɗe bai sha furar gida a inuwar ƙofar gidansu ba. Ranar da ya shirya, aka ɗauki mota tun asuba zuwa Kano. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta karɓi fasfo, ta danna, ta sake dannawa, ta ɗago kai.

"Baba, bizarku ta dawowa ta mutu tun makon jiya."

"'Yata, sake dubawa. Igamata da sauran wata biyar."

Gaskiya ya faɗa, igamarsa na da rai. Amma igama ba ta shigar da mutum jirgi ita kaɗai. Ga akwati an ɗaure da kilishi da daddawa da kuka na tsarabar maƙwabta, ga 'yan rakiya cike da mota, sai a juyo gida ana ta "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Daga nan ne aikinku ke farawa, kuma abu na farko shi ne ku gano wace takarda ce ta mutu, don maganin kowace daban ne. Shafin Muqeem na intanet yana da wurin duba lafiyar bizar fita da dawowa. Da lambar igama da bayanan fasfo za ku iya dubawa kuna zaune a Kiru. Ku duba da idonku, kada ku tsaya ga "an ce".

Idan biza ce kaɗai ta zo ƙarshe, igama na da rai, to da sauƙi. Kafili na iya ƙara mata wa'adi daga can, mutum ɗaya ta manhajar Absher, kamfani ta Muqeem, ba sai Baba ya motsa daga gida ba. Sai dai ƙarin da ake yi mutum yana waje kuɗinsa ninki biyu ne, riyal 200 a wata ga bizar tafiya ɗaya, 400 ga ta shiga da fita sau da yawa. Ba a kuma ƙara biza ta zarce ranar mutuwar igama. A nan kafili shi ne komai. Tun 14 ga Maris 2021 an yi gyaran doka da ya ba ma'aikatan kamfanoni damar neman bizar fita da dawowa da kansu, amma gyaran bai haɗa da direban gida da mai gadi da masu aikin gida da makiyayi da mai lambu ba. Ku dubi jerin nan da kyau, za ku ga aikin mafi yawan mutanenmu ke nan. Saboda haka lambar wayar kafili ta fi tsarabar dabino muhimmanci. A kira shi da wuri, da ladabi, a gaya masa dalili a taƙaice, a tura masa kuɗin in shi ba zai biya ba. In Larabcinku bai kai ba, akwai ɗaliban Islamiyya a kowace unguwa, ku roƙi ɗaya ya zauna kusa da ku. Kafilin da aka kira saura sati uku yakan ce to. Wanda aka kira bayan wata biyu da mutuwar biza, yana iya riga ya ɗauki wani direban.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ruguza babban shiri, shi ne layin waya. Absher da bankunan Saudiyya suna tura lambar sirri ne zuwa layin Saudiyya na mai asusun. Dattijo na sauka sai jika ya zare wancan layin ya sa masa na gida don ya riƙa gaisawa da 'yan'uwa, layin Saudiyya ya shiga aljihun wata riga, rigar ta tafi wanki. Ko kuma layin yana nan amma ba a sa masa kuɗi ba har aka rufe shi. Ranar da ake neman lambar sirri ido rufe, babu inda za ta sauka. Ku nemi waya mai layi biyu, ku bar na Saudiyya a ciki, ku tabbatar yana karɓar saƙo a nan tun ranar da ya iso.

Idan igamar ce kanta ta cika yana gida, nauyin ya ƙaru amma ƙofa ba ta rufe ba. Hukumar Jawazat, wadda ke kula da fasfo da zaman baƙi, ta yarda mai gida ya sabunta igamar iyalinsa da ta masu yi masa aikin gida ko suna waje, ta Absher, sannan ya ƙara wa'adin bizarsu. Amma sai an biya duk abin da ke kai: kuɗin igama, inshorar lafiya wadda ke ƙara tsada da yawan shekaru, da tarar hanya in akwai. Jinkirin sabuntawa shi ma da tararsa, riyal 500 karon farko, 1,000 karo na biyu. Ga masu rataye a igamar wani kuma akwai harajin da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a Yulin 2020. A shekara riyal 4,800 ke nan kan tsohuwa ɗaya. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala guda, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a kanmu take ƙarewa. A farkon 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Riyal ɗin da ake saye naira ɗari da 'yan kai ya koma wajen 400, harajin tsohuwar nan na shekara ya doshi naira miliyan biyu. Buhun masara nawa ke nan a kasuwar Tudun Wada? Ku lissafa kafin ku ce wa ɗan'uwanku na Jidda ya yi sakaci.

Kada ku manta da fasfo, don ba a buga bizar fita da dawowa a kan fasfon da ya rage masa ƙasa da wata uku. In zai mutu yana gida, a sabunta shi da wuri a Kano. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Yanzu kuma fasfo da lambar NIN tafiyarsu ɗaya. In sunan Baba ko shekarar haihuwarsa a katin ɗan ƙasa ya saɓa da na tsohon fasfo, gyaran zai ci makonni, mai tasowa daga Riruwai kuwa ya san abin da zirga-zirgar Kano ta dajin Falgore ke ci na kuɗi da na jiki. In an karɓi sabon fasfo, a tura wa kafili hotonsa don a shigar da sabuwar lambar a can, a kuma riƙe tsohon, a tafi da su biyun.

Mafi nauyi shi ne idan an yi shiru har na'urarsu ta rubuta cewa mutum ya fita bai dawo ba. In an kai nan, tsohuwar igama ta tafi, ba roƙo ba magiya. A da ma har da hukunci: ma'aikacin da bizarsa ta mutu yana waje sai ya shekara uku kafin a bar shi ya shiga, sai fa in wajen tsohon kafilinsa zai koma da sabuwar biza. Daga 16 ga Janairu 2024 aka ɗage wannan takunkumi. Labari ne mai daɗi, amma na ga yadda ake juya shi a majalisa har ya zama wai yanzu ko biza ta mutu ba komai. Abin da aka ɗage jiran shekara uku ne. Komawa kuwa sai da sabuwar biza daga tushe: kafili ya fitar da ita a can, a yi gwajin lafiya, a ɗauki yatsa, a bi ta ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Kano ko babban ofishinsu na Abuja. Saurayi mai shekara 30 zai iya bin wannan layin ya fita. Wane kafili ne zai kashe kuɗi ya fitar da sabuwar bizar aiki ga mai shekara 68 da hawan jini? Ɗan da ke can ma, bizar zaman iyali galibi ta mata ce da 'ya'ya, iyaye kuwa ta ziyara aka fi ba su. Tsohuwar da ta samu shiga igamar ɗanta shekaru da yawa da suka wuce, in ta bari ta kuɓuce, da wuya ta sake samun irinta. Igama kamar tumatirin rani take a bakin Tiga: mai ban ruwa a kan kari ba ya shan wahala, wanda ya bari ya bushe kuwa sai sabon iri da sabon reno, in ma lokacin bai wuce ba.

Ku 'yan mata, ga wadda ta fi shafar iyayenku mata. Miji da mata sun zo gida tare da bizar wata biyu, Allah ya yi wa mijin rasuwa a nan. Hajiya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, bizarta kuwa ba za ta kai rabin haka ba, wanda take rataye a igamarsa kuma yana kabari. Ba wanda zai iya tunkarar mai takaba da maganar takarda a makon farko, ita ma ba ta da zuciyar ji. Ke da kike kwana ɗakinta, ke za ki ɗauki hoton takardunta ki tura wa ɗanta ko ƙaninta da ke can, tare da takardar shaidar rasuwa, don ya je Jawazat ya ji yadda za a mayar da ita ƙarƙashin wani tun da sauran lokaci. Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin jimami ba ne.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Da zarar labari ya bazu cewa takardar Alhaji ta mutu, masu "ina da hanya" za su fara sallama. Wani zai ce a yi masa bizar Umara kawai, in ya shiga ya saje, ai ya san gari. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa a Saudiyya yana fuskantar tara har riyal 50,000, da ɗauri har wata shida, sannan a tasa ƙeyarsa gida ta tarhil. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tafiya da igamarsa a aljihu, kansa a ɗage, a ce da tsufansa ya koma mai leƙen lungu in ya hango askarawa, ba ya iya zuwa asibiti, ba ya iya kama ɗaki da sunansa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wani ejan ɗin zai ce a sake fasfo da sabon suna, a rage shekaru. Yatsun Baba na cikin na'urarsu tun tuni, a filin jirgin Jidda na'urar za ta kira shi da sunansa na gaskiya. Ku tuna Nuwamban 2023, lokacin da jirgin Air Peace ya kai fasinja 264 Jidda daga Legas da Kano, aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce an ba da bayanan da ba daidai ba ne don samun nau'in bizar da ba ta dace da masu ita ba. Da yawa a irin wannan hali ba su ma san abin da aka cike da sunansu ba, sun dai biya kuɗi, an miƙo musu takarda.

Akwai kuma masu cewa a jira, Sarki zai yi afuwa. Sun tuna 2020 ne, lokacin da korona ta sa aka rufe Umara a ƙarshen Fabrairu, aka tsayar da jirage a tsakiyar Maris, Sarki Salman ya ba da umarni a ƙara wa'adin igama da bizar waɗanda suka maƙale a waje kyauta. An yi hakan, har fiye da sau ɗaya. Amma annoba ce ta rufe duniya gaba ɗaya, ba rabon gado a Kofa ba. Afuwar 2017 kuwa, wadda ta fara 29 ga Maris da wa'adin kwana 90, ta masu fita ce: marasa takarda su tafi gida ba tara ba ɗauri. Ba ta mayar wa kowa da igamar da ta mutu ba.

Ko da komawa ta gagara, akwai abin da bai kamata a bari ya salwanta ba. Asusun banki kan daskare idan igama ta mutu. Ga kayan ɗaki, ga bashin da yake bin mutane, ga wanda ake bin sa. Wanda ya yi aiki a kamfani kuma dokar ƙwadagon Saudiyya ta ba shi haƙƙin ƙarshen aiki, rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan haka, kodayake yadda aka rabu da aikin yana iya rage shi. Ga mai shekara ashirin a wuri ɗaya wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. A nemi amintacce a can, a ba shi wakilci a rubuce ta hanyar hukuma, a kuma tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda in abin ya cije.

Sauran magana ɗaya, ita ce mafi wuyar faɗa. Wani lokaci amsar gaskiya ita ce kada a koma. Na ga gidajen da aka jinginar da gonar rani, aka sayar da shanun huɗa, don a mayar da tsoho ɗaki ɗaya a Jidda inda ba mai ɗebo masa ruwan alwala, alhali nan ga jikoki cike da tsakar gida. A ganina kuɗin da za a zuba wajen farfaɗo da igamar da ba za ta ɗore ba, gara a tara shi a riƙa kai shi Umara da halastacciyar biza, ya yi kwanakinsa ya dawo. Amma ba ku za ku yanke masa wannan ba. Ransa ne, burinsa ne, kuma ya san abin da ya bari a can fiye da ku. Naku shi ne ku kawo masa lissafi a fili, riyal da naira, abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. In kuna jin nauyin bakinku, ku nemi amininsa ko limamin unguwa ya faɗa masa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi ta ce masa "ana nan ana ƙoƙari" shekara biyu, alhali kowa a gidan ya san fayil ya rufe.

Wanda tsohonsa ke gida yanzu da igama mai rai, kada ya bari a kwana biyu. Bayan sallar isha'i ka durƙusa ka ce, "Baba, a ba ni takardun nan in ɗauki hotonsu." Ka ɗauki fasfo da igama da bizar dawowa, ka juya ranakun uku zuwa Miladiyya, ka rubuta su da manyan baƙi ka manna a bangon ɗakinsa, ka sa wayarka ta tuna maka saura wata guda. Ka karɓi lambar kafili, ka tura wa ɗan'uwanka ɗaya kwafin komai. In tikitin komawa ya faɗo a makon ƙarshe na biza, a matso da shi baya da kwana goma, don jirgi kan ɗaga tashi. In kuma rasuwa ko ciwo ya gitta, ranar da aka yi sadakar uku ka kira Jidda.